An ce taimakona za a yi: shin in karɓi auren?

Assalamu alaikum, Gwaggo. Ni budurwa ce 'yar shekara 26, ina zaune a cikin birnin Kano. Shan-inna ya kama ni ina da shekara 3, ya taɓa mini ƙafafu biyu, ta hagu ta fi shanyewa, saboda haka da sanduna nake tafiya a cikin gida, idan tafiyar da nisa kuma in hau kekena. Na yi karatun NCE, ina koyarwa a wata makarantar firamare, ina kuma ɗinki a gida. Shekara biyu ke nan wani saurayi ɗan kasuwa, wanda ba shi da wata larura, yana nemana da aure. Mahaifiyarsa ta daɗe tana ƙi, tana cewa ba zan iya aikin gida ba, ba zan iya haihuwa ba, in ma na haihu guragu zan haifa. Yanzu ta amince, amma da sharaɗi: ba lefe, ba taron biki, sadaki mafi ƙanƙanta, kuma kafin shekara ta zagayo zai auro "cikakkiyar mace". Yayyensa biyu kuwa duk an yi wa matansu lefe da biki. Da na nuna masa damuwata, sai ya ce in yi haƙuri, ai don Allah zai aure ni, jihadi ne. Mahaifina ya ce in karɓa in gode wa Allah, domin ba kullum irinmu suke samun wannan sa'a ba. Ina son sa, amma tun daga ranar ba na iya barci. Gwaggo, butulci nake yi?

Daga wata 'yarki a Kano.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Bari in fara da tambayar da kika rufe wasiƙarki da ita, domin na lura ita ce take hana ki barci: ba butulci kike yi ba. Butulu shi ne wanda aka yi wa alheri ya take, ya yi kamar ba a yi ba. Ke kuwa har yanzu ba a yi miki wani alherin da za ki take ba, aurenki aka zo nema. A al'adarmu, idan magabatan saurayi suka tashi zuwa gidan yarinya, su ne suke cire takalma a ƙofar zaure, su ne suke gaishe da iyayenta cikin ladabi su ce sun zo neman iri, kuma ba a taɓa jin inda iyayen yarinya suka raka su da godiya don sun yi musu alfarma ba. Mai nema shi ne mai roƙo. Abin da ya faru a maganarki shi ne an juya wannan tsari, an mayar da ke mai karɓar alfarma, sannan aka ce tunda alfarma ce, ba ki da bakin tambayar abin da za a ba ki da abin da za a hana ki. Rashin barcin nan naki ya nuna cewa zuciyarki ta gane an yi juyin tun kafin ki sami kalmomin da za ki faɗe shi da su.

A duk cikin wasiƙar, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar da shi yaron ya faɗa miki, cewa don Allah zai aure ki, jihadi ne. Sharuɗɗan mahaifiyarsa masu ciwo ne, amma ba ita za ki aura ba. Kowane aure ya kamata a yi shi don Allah, na yayyensa ma haka ya kamata ya kasance, to me ya sa ba a kira nasu jihadi ba, sai naki? Amsar ita ce, idan aka faɗi wannan kalma a kan mace mai larura, abin da ake nufi da ita sadaka. Sadaka kuwa tana da mai bayarwa da mai karɓa, hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kuma abin da ya fi saurin bin bayanta shi ne gori, shi ya sa Alƙur'ani a cikin Suratul Baƙara ya gargaɗi muminai da kada su ɓata sadakokinsu da gori da cutarwa. Ki auna zaman aure na shekara talatin a kan wannan tushe. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, dole wata rana ranku zai ɓaci, dole wata rana zai yi miki abin da za ki buƙaci ki ce masa bai kyauta ba. Matar da aka aura don ana son ta tana da bakin faɗin haka. Matar da aka aura don a taimake ta, da zarar ta buɗe baki za a tuna mata da cewa an rufa mata asiri, idan ma mijin bai faɗa ba danginsa za su faɗa, idan su ma ba su faɗa ba ita da kanta za ta haɗiye maganar saboda nauyin bashin da aka ɗora mata. Na ga gidajen da aka gina a kan haka, kuma na ga yadda matan suke ƙanƙancewa a cikinsu shekara bayan shekara, ba tare da an taɓa ɗaga musu hannu ba.

Sai dai ba zan yanke wa yaron hukunci daga jimla ɗaya ba, ke ma kada ki yi. Wanda ya yi shekara biyu yana zuwa ƙofar gidanku alhali mahaifiyarsa tana hana shi, akwai abin da yake kawo shi, kuma da wuya a ce tausayi kaɗai ne ya riƙe saurayi tsawon wannan lokaci. Samarinmu da yawa suna jin nauyin su dubi mahaifiyarsu su ce suna son yarinya, sai su nemi kalmar da za ta ratsa zuciyar tsohuwa, su kama maganar lada da taimako. Mai yiwuwa da wannan makami ya shawo kanta, sannan bakinsa ya saba har ya juyo da shi wajenki ba tare da ya san ciwon da yake yi ba. Mai yiwuwa kuma haka yake ganin abin har cikin ransa. Bambancin waɗannan biyun shi ne zai yanke miki shawara, kuma babu mai iya gano miki shi sai ke, ta hanyar tambayarsa ido da ido.

Kafin in zo kan yadda za ki tambaye shi, ina so ki fahimci inda wannan tunani ya samo asali, don kada ki ɗauka wani aibi ne a jikinki ya jawo shi. Mun tashi a cikin al'ummar da ta ware wa masu larura wuri guda, wato ƙofar masallaci ranar Juma'a, da bakin kasuwa, da mararrabar titi. Muna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare tun zamanin da, sarautun da suka ba mutanenmu masu larura shugabanci da murya a fada, abin da ba za a raina ba, amma a idon yawancin jama'a sunayen nan bara kawai suke tunawa da shi. Yaron da ya girma yana ganin mai sanda ko mai keke a matsayin wanda ake miƙa wa canji, idan ya zama babba zai yi wuya ya gan shi a matsayin malami, ko abokin ciniki, ko suruki. Ni kaina ban kuɓuta daga wannan tarbiyya ba. Wata rana a layin ganin likita na ga wata matashiya a keke, sai na juya wajen ƙaninta da yake tura ta na tambaye shi abin da yake damun ta. Ta ɗago kai ta dube ni ta ce, "Hajiya, ni za ki tambaya, ƙafata ce ba ta aiki." Har yau ina jin kunyar wannan rana, domin da kyakkyawar niyya na yi tambayar, amma na tsallake mutum sukutum ina magana a kanta kamar kaya. Abin da ake yi miki ke nan a wannan neman aure: ana ta tsara rayuwarki a tsakanin gida biyu, kowa yana ganin alheri yake yi, ba wanda ya zauna ya tambaye ki.

Yanzu ga abubuwan da mahaifiyarsa take tsoro, domin ko ba komai ta cancanci a ba ta amsa ta gaskiya. Shan-inna ba a gadon sa. Sunan da muke kiran sa da shi ya fito ne daga tsohon imanin cewa wata iska mai suna Inna ce take shanye gaɓar yaro, kuma wannan imani ya bar wa mutane tunanin cewa abin yana bin gida ko jini. Haƙiƙanin lamarin shi ne ƙwayar cuta ce da take shiga ta baki, galibi ta ruwa ko abincin da ƙazanta ta taɓa, ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin kowane mutum 200 da suka kamu kusan ɗaya ne take bar wa shanyewar da ba ta warkewa. Ƙwayar ta bar jikinki tun kina ƙarama, abin da ya rage tabonta ne, kamar yadda ƙuna take barin tabo, kuma ba wanda ya taɓa haifar ɗa da tabon ƙunar uwarsa. Tsararrakinki da yawa abin ya shafa a Arewa, musamman bayan dakatar da rigakafi da aka yi a Kano a 2003 zuwa 2004, har a 2006 kaɗai an ƙirga yara fiye da 1,000 da cutar ta shanye a Nijeriya. A ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar, ko da yake har yanzu ana ɗiga wa yara maganin saboda wani nau'inta da yake ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci. Kariyar 'ya'yanki ke nan, ɗigon rigakafi a kan lokaci, daidai da 'ya'yan kowa. Idan ana maganar abin da ake gada da gaske, to sikila ce, wadda mutum biyu masu ƙafafu lafiya lau, kowanne mai rukunin jinin AS, suke iya haifar ɗa da ita, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Tun 2024 dokar jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, har da na rukunin jini, kuma wannan gwajin ya kamata ya dami surukar taki fiye da sandunanki.

Haihuwa kuma, tsokar mahaifa ba ta cikin tsokokin da wannan cuta take shanyewa, kuma mata masu irin larurarki suna ɗaukar ciki, suna haihuwa, suna shayarwa. Amma zan faɗa miki ɗaya ɓangaren, domin ba na son in lallashe ki da rabin gaskiya. Idan ciki ya tsufa, nauyi yana ƙaruwa, tafiya da sanduna tana ƙara wuya, haɗarin faɗuwa yana ƙaruwa, kuma wasu matan ƙashin ƙugunsu yana karkacewa saboda yadda ƙafafun suka girma, har ya zama sai an yi musu aiki an ciro jaririn. Saboda haka awo tun da wuri da haihuwa a babban asibiti wajibi ne a gare ki. Haka nan, wasu daga cikin waɗanda suka yi shan-inna suna fuskantar sabon rauni da gajiya da ciwon gaɓoɓi bayan shekara 15 zuwa 40 da kamuwar farko. Ki je Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a duba ki, ki ga likitan mata da masu gashin ƙashi, ki san halin da jikinki yake ciki da kanki, tun kafin wani ya faɗa miki abin da yake zato. Idan maganar aure ta miƙe, ku koma tare da shi ya ji daga bakin likita. Namijin da zai zauna da ke ya kamata ya san wannan duka ya kuma zaɓe ki da saninsa.

Aikin gida ba zan daɗe a kansa ba, domin macen da take tashi kullum ta shirya ta tafi aji ta tsaya wa yara, ta dawo ta zauna a kan keken ɗinki, ta riga ta ba da amsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ke kika san abin da kike iyawa da abin da yake ba ki wuya. Abin da ake buƙata gida ne da aka tsara da ke a zuciya: ɗaki a ƙasa, dokin ƙofa marar tsayi, banɗaki mai wurin zama da abin dafawa, famfo ko randa a kusa, murhu daidai da tsayin kujerarki.  Kuma a fiƙihun Malikiyya da muke bi, Risala ta faɗi cewa idan miji yana da yalwa, to ya wajaba a kansa ya samar wa matarsa mai yi mata hidima, hukuncin da aka yi shi don kowace mace, ba don mai larura kaɗai ba.

Tunda an kawo sunan Allah a cikin maganar, bari mu duba abin da shari'a ta ce game da sharuɗɗan nan. Sadaki haƙƙinki ne, ba na mahaifinki ba, ba na surukarki ba, kuma aya ta 4 ta Suratun Nisa'i ta umarci maza su bai wa mata sadakinsu da daɗin rai, ta kuma bar yafe wani abu daga cikinsa a hannun matan. Mafi ƙarancinsa a mazhabarmu rubu'in dinari ne, aure yana ɗauruwa da shi, kuma sauƙaƙa sadaki abu ne mai albarka. To amma sauƙin da ke kika zaɓa daban yake da ragin da aka yi miki don an ɗauke ki kaya mai tabo. Malamanmu sun lissafa aibobin da suke bai wa miji damar fasa aure idan an ɓoye masa su, wato taɓin hankali, da kuturta, da albaras, da larurar da take hana saduwar aure, kuma gurguntaka ba ta cikinsu. Babu wani babi a fiƙihu da ya ce mai sanda rabin mace ce, ko ciyarwarta da tufatarwarta da muhallinta sun gaza na sauran mata. Lefe da taron biki kuwa al'ada ce, ba sharaɗin aure ba ne, kuma da a ce gidan sun zo sun ce zamani ya yi tsada ba su da hali, da ni ce ta farko da zan ce ki yafe. Amma an yi wa matan yayyensa biyu, ke kaɗai aka ware. Hana biki ma ya fi hana lefe muni a wurina, domin ma'anarsa ba sa son mutane su gan ki a matsayin amaryar gidansu, alhali sunna ita ce a bayyana aure a yi walima. Wadda aka shigar da ita gida a ɓoye, zai yi wuya a fito da ita tsakar gida ranar suna ko ranar bikin dangi.

Batun ƙarin aure, ba zan ce miki haramun ne ba, domin ba haramun ba ne, kuma kowace mace a ƙasar nan ta san yana iya zuwa mata. Abin da ya bambanta naki shi ne an sa masa rana tun ba a ɗaura naki ba, an kuma ba shi dalili: a kawo "cikakkiya". Wannan kalma ta riga ta raba muku matsayi ke da yarinyar da ba a ma san ko wace ce ba, ita matar gida, ke amanar da aka ajiye. Adalcin da Allah ya shar'anta tsakanin mata a kwana da ciyarwa da muhalli ba zai tsayu a gidan da aka fara da wannan rabo ba.

Na dawo kan mahaifinki, kuma ina roƙon ki kada ki riƙe shi a zuci. Shekara 23 yana ɗauke da tsoro guda, wato wa zai riƙe ki idan ƙasa ta rufe idonsa, kuma tsoron nan ne ya yi magana da bakinsa. Sai dai haƙurin da yake kiran ki zuwa gare shi yana buƙatar a rarrabe shi. A cikin Bukhari da Muslim, Abdullahi ɗan Abbas ya ce wa almajirinsa Aɗa'u ɗan Abi Rabah ko ya nuna masa wata mace 'yar Aljanna, sai ya nuna masa wata baƙar mace mai farfaɗiya. Ta taɓa zuwa wajen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce tana faɗuwa kuma jikinta yana buɗewa, ya yi mata addu'a. Ya ba ta zaɓi: in ta so ta yi haƙuri ta sami Aljanna, in ta so ya roƙa mata waraka. Ta ce za ta yi haƙuri, amma ya roƙa mata Allah kada jikinta ya riƙa buɗewa, sai ya roƙa mata. Ki dubi wannan baiwar Allah da kyau. Ta karɓi larurar da hannu biyu, amma ba ta yarda mutuncinta ya zube ba, kuma Annabi bai ce mata ta haɗa duka ta yi haƙuri da su ba, bai kira roƙonta rashin godiya ba. Ki kuma lura da cewa ita ya tambaya, ita ta zaɓa. Shi kansa Aɗa'u da ya ruwaito labarin, malaman tarihi sun siffanta shi da gurguntaka da shanyewar hannu, daga baya ya makance, kuma shi ne mai bayar da fatawa a Makka a zamaninsa. Ke kin riga kin yi haƙuri da ƙafafunki tun kina 'yar shekara uku, wannan ƙaddara ce daga Allah. Ragin da ake so a yi miki a aure kuwa shawarar mutane ce, kuma shawarar mutane ana iya zama a sake ta.

Dokar zamani ma tana gefenki. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 a kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2010, ta tanadi a sashe na 23 cewa suna da 'yancin yin aure da kafa iyali bisa cikakkiyar yardarsu. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna musu wariya, wadda ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum ɗaya, da tarar naira miliyan 1 ga kamfani, ta kuma nemi ma'aikatun gwamnati su ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Ba ina nufin ki kai kowa ƙara ba, kotu ba ta dasa ƙauna a zuciyar suruka. Na kawo ta ne don ki san cewa abin da kike ji a ranki haƙƙi ne da aka rubuta, kuma don ki riƙe takardarki ta NCE da kyau ki ci gaba da neman aikin koyarwa na gwamnati. Ko auren ya yiwu ko bai yiwu ba, kada ki ajiye aikinki da keken ɗinkinki, domin macen da take da abin hannunta ba ta da sauƙin gorantawa.

Ga abin da nake ba ki shawara ki yi. Kada ki ce e, kada ki ce a'a, ki nemi a ba ki lokaci, ko wata ɗaya ne, ki yi istihara. Sannan ki zauna da yaron a zaurenku, a lokacin da ranki yake kwance, ki tambaye shi kai tsaye: da ƙafafuna lafiya suke, da za ka neme ni? Me ka gani a wurina da ya sa ka yi shekara biyu kana zuwa? Ki yi shiru ki bar shi ya yi magana, kada ki taya shi neman amsa. Idan ya ambaci hankalinki, da hirarki, da addininki, da kyanki, da yadda yake ji idan ya kwana biyu bai gan ki ba, to akwai abin ginawa, sai ki faɗa masa cewa kalmar jihadi ta yi miki ciwo kuma ba kya son ki sake jin ta, a gabanki ko a bayan idonki. Idan kuwa ya yi ta kewaye a kan lada da tausayi da cewa ba wanda zai kula ki in ba shi ba, to kin ji amsarki. Ki kuma tambaye shi ko maganar auren shekara mai zuwa tasa ce ko ta mahaifiyarsa, da inda zai ajiye ki, domin zama a cikin gidan gandu, ƙarƙashin idon wadda ta kira ki ba cikakkiya ba, ba zai yi miki kyau a farkon aure ba.

Idan amsoshinsa sun gamsar da ke, to aikin komawa wajen mahaifiyarsa nasa ne, ba naki ba, kuma ya yi shi da ladabi, tare da wani kawunsa ko malamin da take jin maganarsa, a bayyana mata batun gado da haihuwa, a kuma faɗa mata cewa abin da aka yi wa matan yayyensa shi za a yi miki gwargwadon hali, ko da akwatin bai kai nasu yawa ba, kuma za a yi walima a gayyaci dangi. Uwa ce, ba a cin nasara a kanta da gardama, amma sau da yawa abin da take tsoro bakin mutane ne, kuma idan ta ga manyan gidan sun tsaya a bayan auren, takan sauko. A naku ɓangaren, ki sami baffanki ko gwaggonki wadda mahaifinki yake saurara, ki faɗa mata duk abin da kika faɗa mini, ta tuna masa cewa Annabi ya ce a nemi izinin budurwa kafin a aurar da ita, kuma waliyyi an ɗora shi ne don ya tsare wa 'yarsa daraja a wajen masu nema. Ina kuma so ki nemi reshen Kano na haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman, JONAPWD, ki sami matan da suka yi shan-inna suka yi aure suka haihu. Abin da za su faɗa miki game da goyo da wankan jego da zama da dangin miji ya fi duk abin da ni zan iya faɗa miki, domin su sun taka hanyar.

Idan kuma aka yi duk wannan suka tsaya a kan sharuɗɗansu, shi ma ya kasa tsaya miki, to ra'ayina shi ne ki haƙura da shi, a mayar musu da abin da suka kawo cikin mutunci. Ba zan yi miki alƙawarin cewa wani zai fito gobe ba, domin ban san gaibu ba, kuma na san yadda garinmu yake ga mace mai larura. Za ki yi kuka, za a yi magana, wataƙila mahaifinki ya yi kwanaki yana fushi. Amma wanda ya kasa kare ki a lokacin da yake ɗokin samun ki, zai fi kasawa bayan ya same ki, kuma a lokacin ga ciki ko goyo, ga kishiyar da aka yi wa alƙawarin matsayinki, fita za ta fi wuya nesa ba kusa ba. Zaɓin naki ne, ke za ki zauna a gidan, kuma idan bayan kin auna komai kika ga za ki shiga, ba zan ga laifinki ba, muddin da idonki a buɗe kika shiga.

Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ya sanyaya zuciyar mahaifinki. Idan kun yi zaman nan da yaron, ki sake rubuto mini amsar da ya bayar ga tambayar farko, da ainihin kalmomin da ya faɗe ta da su.

Gwaggonki.